Me ya sa sauƙin ciwon damuwa ba ya zuwa daki-daki?

Mutumin da ya fara jinyar ciwon damuwa ta hanyar tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam yakan sa ran kowane mako zai fi na baya sauƙi. Bincike ya nuna sau da yawa ba haka lamarin yake tafiya ba.

A shekarar 1999, masana biyu a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, Tony Tang da Robert DeRubeis, sun bi diddigin bayanan masu irin wannan jinya zama bayan zama. Sun gano cewa kusan kashi 40 cikin 100 sun samu gagarumin sauƙi kwatsam, tsakanin zama ɗaya da na gaba. Wannan tsalle guda shi ne kimanin rabin duk sauƙin da suka samu.

Domin fahimtar hakan, masu bincike sun aro tunani daga lissafi da kimiyyar fiziks, wato nazarin tsare-tsare masu sauyawa. Nazarin yana kallon barci, tunani, kuzari da mu'amala da jama'a a matsayin abubuwa masu riƙe da juna. Rashin barci yana kawo kasala, kasala tana kawo kaɗaici, kaɗaici kuma yana ƙara baƙin tunani. Da zarar sun ɗaure juna, sai su zama tamkar rami mai jawo mutum duk lokacin da ya yunƙura.

Kafin irin wannan tsari ya warware, yakan fara tangal-tangal, kamar yadda ruwa ke motsi a tukunya kafin ya tafasa. Adele Hayes ta Jami'ar Delaware ta nuna a 2007 cewa wasu marasa lafiya damuwarsu takan tashi na ɗan lokaci, sannan sauƙi ya biyo baya.

A birnin Salzburg na Austriya, Günter Schiepek ya gina aikinsa a kan nazarin masanin fiziks na Jamus Hermann Haken. Marasa lafiya suna amsa gajerun tambayoyi kullum ta intanet, kwamfuta kuma tana nuna ranakun da yanayinsu ya fara hawa da sauka sosai.

Sai dai tangal-tangal alama ce ta sauyi kawai, yana iya kaiwa ga sauƙi ko ga taɓarɓarewa. Shi ya sa masana ke ganin mako mai wuya ba lokacin daina jinya ba ne. Lokaci ne da ya kamata mara lafiya ya sanar da mai jinyarsa halin da yake ciki, domin a ƙara sa masa ido.