Ɗari ya shigo: yadda za a ɗumama babban gida ba a yi asarar rai ko rumbu ba

 Hunturu ya kankama. Daga watan Disamba zuwa farkon Fabrairu iskar arewa maso gabas ke busowa daga hamada, ta kawo hazo da ƙura, sanyi kuma ya sauka tun daga tsakar dare har hantsi. A ma'auni, daren Tawa kan sauko wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka. Mutanen kwari sun fi na tudu jin jiki, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarowa take yi ta kwanta cikin fadama. Mai ban ruwan albasa da asuba a Majiya ba ya buƙatar a ba shi labari.

To, a wannan lokaci ne kowane gida ke neman abin jin ɗumi, kuma a nan ne ake samun gobara, ƙunar yara da mutuwar cikin barci. Ƴan uwanmu da ke Turai kan turo hoton wani murhu mai ƙofar gilashi da ke ɗumama gida, har wasu na tambaya ko a sayo wa tsofaffi irinsa. Shi ya sa yau za mu duba wannan murhu, yadda yake aiki, ko zai yi a nan, da abin da za mu iya koya daga gare shi.

Wane irin murhu ne?

Masu Faransanci na ce masa poêle à granulés, mu kuma bari mu kira shi murhun ƙwayoyi. Abincinsa garin katako ne da ake tarawa daga masana'antun yankan katako, a busar da shi, inji ya matse shi ya fito ƴan guntaye masu kaurin milimita 6, kamar abincin kaji na kamfani. Ruwan da ke cikinsu bai kai kashi 10 cikin 100 ba, ana kuma sayar da su a buhu mai kilo 15. A Amurka aka fara ƙera murhun cikin shekarun 1980, yau kuwa Italiya na cikin ƙasashen da ke kan gaba a Turai wajen amfani da shi a gidaje.

Aikinsa haka yake: ana zuba ƙwayoyin cikin wani akwati a bayan murhun. Wani ƙarfe mai murɗiya yana juyawa a hankali, yana sako su kaɗan-kaɗan cikin ɗan kaskon wuta. Fanka ɗaya na janyo iska don wutar ta ci sosai, ta kuma tura hayaƙi waje ta bututu. Wata fankar na hura iska mai ɗumi cikin ɗaki. Wutar a rufe take, hayaƙinta ba ya haɗuwa da iskar da mutane ke shaƙa. Murhu mai kyau kan mayar da kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na ƙarfin makamashin ya zama ɗumi a cikin gida, alhali wutar da muke hurawa a tsakar gida yawancin zafinta sama yake tafiya.

Ga mai babban gida, lissafin da masu sana'ar ke yi shi ne kilowat 1 ga kowane murabba'in mita 10. Ke nan gida mai murabba'in mita 100 na son murhu mai kilowat 10. Irin wannan idan aka buɗe shi duka yana cin fiye da kilo 2 a awa, buhu ɗaya ba zai wuce awa 7 ba. Idan aka rage shi, buhun kan kai kwana guda ko fiye. Sannan ɗumi ba ya ratsa bango. Murhun da aka ajiye a falo, falon zai ɗumama, ɗakunan ƙurya su kwana da sanyi, sai fa in an ja musu bututun iska mai ɗumi ko na ruwan zafi.

Zai yi a Adar?

A gaskiya, a yanzu dai ba zai yi ba, kuma ga dalilai. Na farko, ba ya tashi sai da lantarki, wuta na ɗaukewa yana tsayawa, ƙauyukanmu da yawa kuwa layin bai ma iso ba. Na biyu, ƙwayoyin babu su a kasuwar Madawa, babu a ta Tamaske, kuma ko a Turai kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabo a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Yukren. Na uku, idan ya lalace babu mai gyara kusa. Na huɗu, gidanmu ba irin nasu ba ne. Su rufi ɗaya ne ya haɗa dukan ɗakuna. Mu kuwa babban gida ɗakuna ne warwatse kewaye da tsakar gida, ga na maigida, ga na kowace mata, ga na samari kusa da zaure. Babu murhu ɗaya da zai ɗumama su duka. Ƙari a kan haka, ɗarinmu na wata biyu ne zuwa uku, da hantsi ya yi kuma rana ta gama aikin.

Amma fa murhun nan na da darasi huɗu, kuma duk ba su buƙatar lantarki: makamashi busasshe, wuta a killace, hayaƙi waje, da gidan da ke riƙe ɗumi.

Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki

Bari mu fara da abin da ya fi kisa. Duk wutar da ke ci ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da wata iska mai guba da likitoci ke kira monoksid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Gawayi ya fi yaudara, domin idan ya yi ja hayaƙi ya ɗauke sai mutum ya ɗauka an tsira, alhali a lokacin gubar na fita. Idan ta shiga huhu, tana kama jini fiye da sau 200 a kan yadda iskar numfashi ke kama shi, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da ke raya su.

Alamomin farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi. Kun ga ke nan da sauƙi a ce masassara ce. Ga yadda za ku gane: idan mutum biyu ko uku da suka kwana ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, suka kuma ji sauƙi da fitowarsu waje, to a zargi wutar. Jarirai, masu juna biyu, tsofaffi da masu ciwon zuciya su ne gubar ta fi saurin kayarwa. Mai barci kuwa ba ya jin komai, daga barcin sai suma.

Saboda haka, a hura gawayi a waje. In an shigo da kasko don ɗaki ya yi ɗumi, a bar ƙofa ko taga a ɗan buɗe, kuma kafin kowa ya kwanta a fitar da shi a kashe. Wannan doka ta shafi gawayin ƙasa irin na Anu Araren, ta shafi murhun gas, ta shafi janareto, wanda shi ko a zaure bai kamata a tayar da shi ba. Ɗakin mai jego ma haka, komai son da ake yi ta ji ɗumi.

Idan aka tarar da wani ya galabaita, a buɗe ƙofa da tagogi, a fito da shi sarari nan take. Kada a ɗura masa ruwa ko nono in ba ya cikin hayyacinsa, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi likita mafi kusa ko da ya farfaɗo. Inda akwai ƴan kwana-kwana, lambarsu 18.

Ku kuma ƴan uwa da ke Tamanraset, Sabha, Tarabulus da sauran garuruwan arewa, inda sanyi ya ninka namu kuma ake kwana da yawa a ɗaki ɗaya, wannan magana taku ce. Kowane hunturu hukumomin Aljeriya na sanar da mutuwar mutane da dama ta wannan hanya. Na Turai kuma ku tabbatar akwai ƴar na'urar da ke ƙara idan gubar ta taru, a kuma share bututun hayaƙi kowace shekara.

Hayaƙi, ƙuna da gobara

Hayaƙin da ake gani shi ma ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya, cikinsu da yara ƴan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000, galibi ta ciwon huhu. A watannin nan ƙurar hazo ta riga ta wahalar da ƙirji, hayaƙi kuma ya zo ya ƙara. Ɗanyen icce kusan rabinsa ruwa ne, wuta sai ta ƙone ruwan kafin ta ba da zafi, shi ya sa yake hayaƙi ba ɗumi. A faskara icce a shanya shi tun da wuri. Leda, roba, tsohon takalmi da taya kuwa ba makamashi ba ne, guba ce.

Yara kan kewaye wuta da safe, tufafin yanzu kuma yawanci na roba ne, hijabi ko riga na taɓa garwashi sai ta kama ta manne a fata. A kewaye wuta da duwatsu ko ɗan ginin laka, kada a bar ƙanana su kaɗai. In an ƙone, ruwa mai tsabta mai sanyi za a yi ta zubawa wajen minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, sai likita. Ban da man goge baki, ƙwai, gishiri, toka ko kashin shanu.

Sai gobara. Yanzu ne rumbuna ke cike da hatsi, harawa da kara na jibge bisa rumfa, zana ta bushe ƙayau. Tartsatsi ɗaya cikin iskar hunturu ya isa ya cinye noman shekara na unguwa guda. A nisanta wuta da rumbu da shinge, a kashe ta da ruwa ko ƙasa, toka kuma kada a zubar da ita juji sai ta huce sarai.

Gidan da ke riƙe ɗumi

Kakanninmu sun san wannan tun kafin mu. Kaurin bangon ƙasa ko na dutse da laka yana shan zafin rana, da dare ya sake shi a hankali cikin ɗaki. Shi ya sa tsohuwar shigifa ta fi ɗakin siminti mai rufin kwano ɗumi a hunturu, ta kuma fi shi sanyi a bazara. Kwano da rana ta faɗi yake sakin zafinsa. Ku masu turo kuɗin gini, ku sa wannan a lissafi: a yi rufi na biyu ƙarƙashin kwano, ko da na tabarma ko katako ne, kuma kada a raina tubalin ƙasa.

Ga wanda ɗakinsa ya riga ya ginu, a toshe kafofin da ke fuskantar arewa da gabas, a rataya labule mai kauri ko bargo a ƙofa, a bar ƴar kafa ɗaya can sama don iska. Da rana a buɗe ɗaki rana ta shiga, a rufe tun la'asar. Ƙasa na jan zafin jiki, don haka a ɗaga shimfiɗar yara da tsofaffi bisa gado ko tabarma mai ninki. A babban gida, ba sai an ɗumama kowane ɗaki ba. A fara da na tsofaffi da na jarirai. Dutse ko bulon da aka gasa a murhun girki, aka naɗe da tsumma mai kauri aka sa wajen ƙafa, yana ba da ɗumi na awoyi babu hayaƙi. Bargo, hula da safa ga kowane yaro sun fi buhun gawayi amfani, kuma ana morarsu shekara da shekaru. Ga mai tambayar abin da zai aiko gida, amsar ke nan.

Iccen da muke ƙonawa

Akwai kuma maganar daji. Dattawa na tuna yadda iska ke kwashe ƙasar Majiya kafin a fara dasa layukan dogon yaro a 1975, aikin da ƙungiyar CARE ta yi tare da ma'aikatan gandun daji da manoman yankin Buza. Bayan farin 1984 aikin raya karkara na Keita ya kankama da tallafin Italiya da hukumar FAO, aka dasa itatuwa kimanin miliyan 18, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun. Wannan gumi bai kamata ya ƙare a toka ba. A sassabe reshe, a bar gindi. Murhu mai tsimin icce, irin Mai Sauƙi na ƙarfe ko Albarka na laka, yana rage abin da ake ƙonawa. Gas kuma ya ƙara samuwa tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011.

Abin da ya fi kusa da ƙwayoyin Turawa a wurinmu shi ne dunƙulen gawayi. Ana gasa kara ko ɓawon gujiya cikin tano mai murfi har ya zama baƙi, a daka, a kwaɓa da ɗan kokon rogo ko ƙaro, a dunƙule, a shanya kwanaki. A Ruwanda da Zambiya har an gwada sayar da ƙwayoyin matsattsen katako don girki. Sai dai mu sani, karan nan shi ne abincin dabbobi a rani, shi ne kuma ke rufe gona kada iska ta kwashe ta. A yi da abin da ya yi saura, kuma dunƙulen ma gawayi ne, ba a kwana da shi.

Muna roƙon limamai, masu gari da shugabannin ƙungiyoyin mata su maimaita wannan a masallaci, a kasuwa da wurin suna. Daga Bangi zuwa Galma, daga Karofan zuwa Tabotaki, daga Ibohaman zuwa Garhanga, kowane gida ya sa mutum ɗaya da zai zagaya ɗakuna bayan isha'i ya tabbatar an fitar da kasko, an kashe wuta. Ku na waje kuma, in kun kira gida yau da dare, ku tambayi Inna da me take jin ɗumi.

Allah Ya tsare mu da gobara, Ya fisshe mu ɗarin bana lafiya.