Karatun likita: shiri tun kafin BAC

A Nijar ana karatun likita a jami'o'in Yamai, Maraɗi da Damagaram, amma masu nema sun fi gurabe yawa. Saboda haka shiri yana farawa tun daga ajin ƙarshe na lise, ba sai sakamako ya fito ba. Masu BAC na kimiyya, wato C ko D, su ke da hanyar shiga, kuma maki mai kyau a lissafi da darussan kimiyya shi ke ɗaga ɗalibi sama. Ya kamata ya tanadi takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa da wuri. Karatun yakan kai shekara 7 ko fiye, don haka iyaye su yi lissafin masauki da abinci kafin yaro ya kama hanya.