Gyambon Ciki Da Sawun Masu Bincike

A hutun da ya wuce na je gida Malam Madori na tarar kawuna ya rame ƙwarai. Shekara uku ke nan yana fama da gyambon ciki. An hana shi barkono da goro, ya sha jiƙon kanwa har ya gaji, amma da dare ya raba sai ciwon ya tashe shi. Ko gonarsa ta fadama bai iya nomawa ba bana. Da na komo makaranta na ba malaminmu na kimiyya labari. Ya ce, "A kai shi asibiti a gwada, watakila ƙwayar cuta ce." Na ce, "Malam, yaya aka yi aka sani?" Amsar da ya ba ni ita ce nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

A da, likitoci sun ɗauka yawan damuwa da tsamin ciki ne ke kawo gyambo. Sai wasu likitoci biyu na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano wata ƙwayar cuta a tumbin marasa lafiya, wadda yanzu ake kira Helicobacter pylori. Suka buga bayaninsu a mujallar The Lancet a 1984. Da Marshall ya ga ba a gaskata su ba, sai ya sha ƙwayoyin da kansa, cikinsa kuwa ya kamu. A 2005 aka ba su lambar Nobel.

To, mai bincike ba ya ɓoye abin da ya gano. Sai ya rubuta maƙala ya aika wa mujallar masana, 'yan'uwansa su tantance kafin a buga. Duk wanda ya yi amfani da ita daga baya, wajibi ne ya ambace ta. Wannan ambato shi ake ƙidayawa. Eugene Garfield na Amurka ya fara fitar da kundin ƙidayar a 1964. A 2005 kuma Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin "h". Alal misali, in an ce ma'aunin likita 10 ne, watau yana da maƙala 10 waɗanda aka ambaci kowace aƙalla sau 10. Abin kamar hanyar rijiya ne: yawan sawu shi ke nuna yawan masu ɗiba.

Mu ma a Arewa ba a bar mu a baya ba. Likita Holcombe da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri sun gwada jinin jama'a, suka tarar mafi yawansu na ɗauke da ƙwayar tun suna yara. A 1992 ya buga maƙala a mujallar Gut, yana mamakin yadda ƙwayar ta yawaita a Afirka amma ba a cika samun sankarar tumbi ba. Har yau masana na ambaton wannan maƙala.

Amma fa yawan sawu ba shi ke nuna ruwan rijiya na da tsabta ba. Cikin masu ambaton Holcombe akwai masu jayayya da shi, suna cewa ƙarancin asibitoci da kayan gwaji ne ya sa ba a ganin cutar. Haka kuma da an auna Warren da Marshall a shekarun farko, da an raina su. Saboda haka ƙidaya tana nuna wanda ake magana a kansa, maimaita gwaji kuwa shi ke nuna mai gaskiya.

Na rubuta wa Baba wasiƙa, aka kai kawu asibiti, gwaji ya nuna ƙwayar. Likita ya haɗa masa magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu da na rage tsamin ciki, na mako biyu. Yanzu yana barci lafiya.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu, wanda ciwon ciki ya daɗe masa ya je a gwada shi, kada ya sayi magani da ka. Mu kuma ɗalibai mu dage da karatun kimiyya, domin cututtukan ƙasar Haɗejiya na jiran wanda zai bincika su ya rubuta.