Ƙananan Ƙudaje a Tukunyar Wardi

Wanda ya ajiye ƙaramin wardi a tukunya cikin ɗaki, musamman a ƙasashen sanyi irin su Ingila da Amurka, da wuya ya shekara bai ga wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje suna tashi daga ƙasar tukunyar ba idan ya zuba ruwa. Tsawonsu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Suna kama da sauro saboda dogayen ƙafafunsu, amma ba sa cizo, kuma tashinsu ba ƙarfi, sai dai a gan su suna sassarfa a bakin tukunya ko a gilashin taga. Masana ƙwari suna sa su cikin dangin da suke kira Sciaridae.

Yawancin mutane maganin sauro suke fara ɗaukowa su fesa. Ƙudajen su mutu, bayan kwana biyu wasu su fito. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba, domin ɓarnar tana cikin ƙasa. Ƙudan da ke tashi kwanakinsa kamar mako guda ne, kuma a cikinsu mace ɗaya takan saka ƙwai har wajen 200 a ƙasa mai danshi. Cikin kwana 4 zuwa 6 ƙwan ya ƙyanƙyashe, wata siririyar farar tsutsa mai baƙin kai ta fito. Takan yi kamar mako biyu tana cin fumfuna da ruɓaɓɓen ganye, kuma idan tsutsotsin suka yi yawa sai su afka wa ƙananan saiwoyin da wardi ke shan ruwa da su. Daga nan ganye ya soma rawaya, ya yi yaushi. Mai shi ya zaci ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, alhali kuwa yawan ruwan ne ya kawo su tun farko. A ɗakin da rana ba ta shiga sosai, ƙasar tukunya takan kwana da yawa ba ta bushe ba.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko tsutsa na nan: a yanka ɗanyen dankalin turawa, a kifa shi a kan ƙasar, a ɗaga bayan kwana biyu ko uku. In suna nan, za a tarar sun taru a ƙarƙashinsa.

Babban magani shi ne rage ruwa, sai dai a nan wardi yana da wuyar sha'ani, domin ba ya jure bushewa ƙayau. Don haka saman ƙasar kawai ake bari ya bushe, kamar zurfin gaɓar yatsa, kafin a sake ban ruwa. Ya fi kyau a zuba ruwan a farantin da tukunya ke kai, saiwa ta ja daga ƙasa, bayan rabin sa'a a zubar da ragowar. A riƙa tsince ganye da furen da suka faɗi. Wasu kan shimfiɗa yashi a sama don ƙuda ya rasa wurin saka ƙwai. Ana kuma kafa 'yan katuna masu launin rawaya da aka shafa wa danƙo, su kama masu tashi. Amfaninsu na biyu shi ne nuna ko ƙudajen suna raguwa.

Idan abin ya ci tura, akwai maganin da ake haɗawa daga wata ƙwayar halitta, Bti a taƙaice, wadda aka gano a hamadar Negev a shekarar 1976. Ana jiƙa shi a ruwan ban shuka, ya kashe tsutsa ba tare da ya taɓa wardin ba. Da irinsa aka yaƙi tsutsar ƙudan da ke jawo makanta a bakin kogunan Afirka ta Yamma. Ba ya taɓa ƙwai, saboda haka sai an maimaita mako-mako har wata guda, tun da daga ƙwai zuwa ƙuda mako uku zuwa huɗu ne.

Idan kuwa ƙwarin farare ne, kuma daga bayan ganye suke tashi in an girgiza reshe, to wannan farin ƙuda ne mai tsotse ruwan ganye, rage ban ruwa ba zai kore shi ba. Shi ana wanke bayan ganyen ne da ruwan sabulu marar ƙarfi ko man darbejiya, da yamma, don kada rana ta ƙona ganyen.