Darasin Aksolotil Ga Masu Kiwon Tarwaɗa a Safana

A tafkin Sochimilko da ke kudancin birnin Meziko akwai wata halitta ta dangin kwaɗo mai suna aksolotil. Siffarta kamar ta ƙadangare ce, amma a ruwa take rayuwarta duka, tana numfashi da wasu gaɓoɓi masu kama da gashin tsuntsu a gefen kanta. Allah Ya hore mata wata baiwa: idan ta rasa ƙafa ko wutsiya, sabuwa kan fito cikin makonni ko 'yan watanni. Tun 2006 take cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a daji, kuma karfasa, kifinmu na Afirka da aka zuba a tafkin, tana cikin masu cinye ƙwanta da 'ya'yanta. Amma a gidajen Turai da Amurka ana kiwonta don sha'awa.

Ba na kira ga kowa ya kawo ta Safana. Ruwa mai sanyin digiri 16 zuwa 18 take buƙata, mu kuwa zafin bazara a nan yakan kai digiri 40. Abin koyi shi ne yadda masu ita ke jinyarta idan ta ji rauni.

Sau da yawa 'yar'uwarta ce ke cizge mata ƙafa. Mai kiwo yakan ware ta a wani mazubi ita kaɗai, ya riƙa sauya mata ruwa kullum da wanda babu sinadarin kulorin a cikinsa, ya kwashe kashi da ragowar abinci, ya rage haske, kuma ya daina taɓa ta. Raunin kan warke da kansa. Abin tsoro shi ne fumfuna, wadda ke bayyana fara kamar auduga a bakin ciwon, da ƙwayoyin cuta masu bunƙasa a ƙazamin ruwa. Sai an ga waɗannan alamu ake neman likitan dabbobi.

To, idan halittar da ke iya tsirar da sabuwar ƙafa tana mutuwa saboda dattin ruwa, ina ga tarwaɗa?

Satar shanu a yankin dajin Rugu ta raba gidaje da dama a Safana da Batsari da dukiyarsu, don haka kiwon kifi a cikin gida hanya ce da ta cancanci a riƙe ta da kyau. Tarwaɗa ba ta da ɓawo; santsin fatarta ne garkuwarta. Manya na cin ƙanana, ƙayar gefenta na sukar 'yan'uwa idan an cunkusa su, koma mai kaushi kuma na goge mata fata. Kashinta da abincin da ya ruɓe suna haifar da amoniya, wadda ke raunana kifi har ƙaramin ƙwarzane ya zama gyambo.

Kuskuren da aka saba yi shi ne a ruga kemis a sayo kafso a juye a tanki. Wannan ba ya gyara ruwan da ya jawo cutar. Yana kuma ƙarfafa ƙwayoyin cuta su daina jin magani, sannan ragowarsa na iya ƙarewa a tukunyar mai saye.

Abin yi ba shi da tsada. A riƙa tace kifi gwargwadon girma. A ware mai rauni. A sauya ruwa kafin ya yi wari. A jiƙa hannu kafin a kama kifi, kuma kowane tanki da komarsa. A tsame mushe nan take a binne. Idan mutuwa ta yawaita, a tuntuɓi malaman dabbobi ko masana kifi na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda ke maƙwabtaka da mu.

Rigakafi ya fi magani, kuma ga mai kiwon kifi rigakafin yana cikin bokitin ruwa mai tsabta.