Ranar Soyayyen Dankali da Mahaɗinsa

A wannan mako zan ba ku wani labari daga Amurka, sa'an nan mu dawo gida mu leƙa ɗakin girkinmu.

Mutanen Amurka suna da al'adar ware wa abinci ranaku. Ran 23 ga watan Maris ta kowace shekara sun ba da ita ga soyayyen dankali da mahaɗinsa. Ba hutun gwamnati ba ne, ba a rufe ofis ko makaranta. Iyakar abin dai, dangi da abokai su taru, a cika faranti da dankalin Turawa wanda aka yanka sirara kamar takarda, aka soya ya yi ƙaras-ƙaras. Sai a ajiye kwanon mahaɗi a tsakiya, kowa ya ɗauka ya dangwala ya kai baka, ana hira.

Irin wannan suya ta daɗe. Tun a 1817 wani mutumin Ingila, William Kitchiner, ya rubuta yadda ake yin ta cikin littafinsa na girki. Mahaɗin kuwa iri-iri ne. Wani na tumatir da barkono ne, irin na mutanen Meziko. Wani kuma, wanda ya bazu daga Kalifoniya a 1954, garin miyar albasa ne na kamfanin Lipton ake kwaɓawa da kirim mai tsami, watau ɗan'uwan kindirmonmu.

To, me ya sa na kawo muku wannan labari? Kwanan baya na je wunin biki a nan maƙwabtanmu, Ƙofar Dawanau. Aka kawo mana soyayyen dankali na kanti, kowa da 'yar ledarsa, rabinta iska. Wata dattijuwa ta ce a taimake ta da ɗan yaji. Sai na ji wata yarinya ta yi dariya, ta ce ai yaji ƙauyanci ne. Da na tambaye ta abin da ake sawa a cikinsa, ko uku ba ta iya lissafawa ba. Abin ya tsaya mini a rai. Ga wasu can sun ware rana guda don girmama abin dangwalawarsu, mu kuwa muna neman yar da namu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ku sani, gyaɗa da barkono da dankali da rogo da masara da tumatir, duk asalinsu daga nahiyar Amurka ne. Yawancinsu jiragen ruwan Turawan Fotugal ne suka kawo su gaɓar Afirka bayan shekara ta 1500. Amma kakanninmu mata su ne suka matse gyaɗar nan suka fitar da mai, suka murza tunkuza suka soya ƙuli-ƙuli, suka haɗa shi da citta da masoro ya zama yaji. Da jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya daga Kano a 1912, gyaɗa ta zama arzikin garin nan, har aka riƙa jera buhunanta dala-dala. Dalar gyaɗa ta wuce, amma har yanzu in kun fita ta ƙofarmu kuka miƙe hanyar Katsina, za ku tarar da kasuwar Dawanau, wadda fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru ke zuwa sayen hatsi da gyaɗa da riɗi.

Ranar abinci ma ba baƙuwarmu ba ce. Wace ce ba ta san cika-ciki ba a watan Muharram, lokacin da ake fito da wutsiyar ragon layya, kowa ya ci ya ƙoshi? Dangwale kuma shi ne aikinmu kullum: ƙosai da yaji, awara da yaji, soyayyiyar doya da yaji, ga kuma gurasar Kano da ƙuli. Saboda haka in kuna sha'awar ku tara ƙawaye a wannan rana, ko ranar suna, ko da Salla, ga yadda za ku yi ba tare da an zubar da kuɗin cefane a kanti ba.

Da fari, suya. Ki sami dankalin Hausa ko na Turawa wanda ba shi da tabo. Ki fere, ki yanka sirara iyakar iyawarki. Ki jiƙa cikin ruwan sanyi mai ɗan gishiri kamar rabin sa'a, sa'an nan ki tsane, ki baza a kan tsumma mai tsabta ya sha iska. In da sauran ruwa a jikinsa, mai zai yi tartsatsi ya ƙone ki. Ki jefa yanka ɗaya cikin mai ki gani, in ya taso nan da nan, man ya yi. Ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, da ya fara ja ki kwashe.

Na biyu, mahaɗi, kuma a nan ake gane gwana. Ki daka busasshen barkono cokali 2, da citta cokali 1, da masoro da kanumfari kaɗan, ki tankaɗe. Ki daka ƙuli-ƙuli cikin gwangwanin madara 2, ki haɗa, ki sa gishiri. Wannan shi ne yajin. In kina son na dangwalawa, ki ɗiba ki zuba ruwan ɗumi kaɗan da man gyaɗa ludayi guda, ki kwaɓa har ya yi kaurin kunu, ki yanka albasa ƙanana a kai. Ki yi kwano na biyu da jajjagen tumatir da attarugu, ga shi watan Maris lokacin tumatirin rani ne. Yara da marasa son zafi kuma, a yi musu kindirmo da soyayyiyar albasa.

Amma fa akwai abin lura, domin baƙonki amana ne. Gyaɗar da ta sha danshi takan yi fumfuna, fumfunar nan kuwa tana haifar da wata guba da likitoci ke kira afalatoksin. An gano ta ne bayan 1960, shekarar da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila don sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Suya ba ta kashe ta duka, kuma cinta shekara da shekaru yana lalata hanta, har ya kan kai ga sankara. Don haka ki tsince gyaɗarki kafin ki soya. Wadda ta yi baƙi, ko ta yamutse, ko take ɗaci, ki zubar, kada ki ba ko kaji. In sayen ƙuli za ki yi, ki saya wurin wadda kika san tsabtarta, ki shinshina, ki ɗanɗana. Araha ba ta ado.

Haka kuma man da ya yi baƙi yana kumfa, a rabu da shi. Kindirmo kada ya wuce sa'a 2 a waje cikin zafin bazara. A kawo ruwa da sabulu kowa ya wanke hannu, a kuma gaya wa yara, abin da aka gatsa ba a mayar da shi cikin kwano. Rigakafi ya fi magani.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku na wannan mako. Kowace ta je wurin kakarta ko gwaggonta da littafi da fensir, ta rubuta yadda ake yajin gidansu, sa'an nan ta ɗauki taɓarya ta daka da hannunta. Kowane gida da nasa haɗin, wani da kimba, wani da tafarnuwa, wani da daddawa, kuma yawanci ba a rubuce yake ba, yana cikin kan tsofaffi ne. Wadda ta samu nata, ta aiko mana, za mu buga a wannan fili don sauran 'yan'uwa su ƙaru.

Allah ya sa albarka a tukwanenmu. Sai mako mai zuwa.