Lissafin Ci da Motsa Jiki Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

Tiyatar rage ƙiba aiki ne da likitocin fiɗa ke yi wa tumbi, wani lokaci har da hanji, domin taƙaita abin da mutum zai iya ci, kuma akan yi ta ne ga wanda ƙiba ta jefa cikin haɗarin ciwon sukari, hawan jini ko ɗaukewar numfashi a cikin barci. Iri biyu ne suka fi yaɗuwa. A na farko ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a bar shi siriri, a na biyu kuwa ana keɓe ɗan aljihu a samansa, wanda bai wuce girman ƙwai ba, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, hanyar da likita Edward Mason ya share fagenta a Jami'ar Iowa ta Amurka cikin shekarun 1960.

Kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki. Baligi yakan buƙaci tsakanin 2,000 zuwa 2,500 a yini, amma wanda aka yi wa tiyatar sau da yawa ba ya kai 1,000 a watannin farko, saboda tumbin ya ƙanƙance, sannan girelin, wato sinadarin da ke tayar da yunwa, yakan ragu musamman idan an cire ɓangaren da ke samar da shi. A nan ne masu jinya da dama ke ruɗuwa, domin suna ganin sikeli na sauka kullum sai su ɗauka duk abin da ya zube riba ce. Alhali jikin da ya rasa isasshen abinci ba kitse kaɗai yake ci ba, har da tsoka yake haɗawa, kuma asarar tsokar ta fi tsanani a watanni ukun farko. Wannan asara ba ƙarama ba ce, tun da kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuzarin da mutum ke ƙonewa a yini yana tafiya ne ko da yana kwance, kuma gwargwadon raguwar tsoka, gwargwadon raguwar wannan ƙonewar.

Saboda haka ne masana abinci ke fifita furotin, sinadarin da ke gina tsoka, a kan kowane irin lissafi, inda suke neman aƙalla giram 60 a yini. Ƙwai ɗaya yana ɗauke da kusan giram 6, abin da ke nuna girman aikin ga wanda loma biyar ko shida ke ƙosar da shi. Bayan an wuce makonnin abinci mai ruwa da mai laushi, ƙa'idar ita ce a fara da kifi, naman kaza, wake, awara ko kindirmo, a tauna sosai cikin natsuwa, a bi da ganye, in da sauran wuri kana a taɓa tuwo ko shinkafa. Ruwa kuma ba a haɗa shi da cin abinci, sai an jinkirta kamar rabin awa.

Motsa jiki yana farawa tun a asibiti, inda ake tayar da majiyyaci ya taka a ranar tiyatar ko washegari domin kada jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, sai dai ana hana ɗaga kaya masu nauyi na mako huɗu zuwa shida. Daga nan ake ƙarawa sannu a hankali har a kai ga abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta wa manya, wato minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Wannan na biyun shi ne aka fi yin sakaci da shi, ga shi kuwa shi ya fi dacewa da buƙatar mai wannan jinya, ko da tsugunno da miƙewa ne a tsakar gida, ko ɗaga robar ruwa.

Kuskure ne babba a ɗauki atisaye a matsayin hanyar biyan bashin abin da aka ci. Tafiyar awa guda da sauri takan ƙone kusan kalori 300 ne, alhali kwalbar lemo mai rabin lita tana da kusan 200, cokalin mai guda kuma 120. Abin sha mai zaƙi, kamar shayi mai kauri ko furar da aka cika wa sukari, yana ratsa ƙaramin tumbi ba tare da ya ƙosar ba, kuma ga wanda aka karkata wa hanji yana iya haddasa jiri, zufa, bugun zuciya da gudawa. Nauyi yakan daina sauka tsakanin wata 12 zuwa 18 bayan tiyatar, lokacin da sha'awar abinci ke dawowa, kuma ta irin waɗannan ƙofofi ne, tare da ciye-ciyen tsakanin abinci, ƙiba ke komowa.

Wuce gona da iri ma yana da nasa haɗarin. Wanda ke atisaye mai tsanani a kan ɗan abin da yake ci yana iya suma, balle a zafin bazara, domin ba zai iya kwankwaɗar ruwa a tashi ɗaya ba, dole sai da kurɓi-kurɓi zai haɗa aƙalla lita ɗaya da rabi a yini. Shi ya sa ma batun azumi a shekarar farko ke buƙatar shawarar likita. Yawan kasala kuwa ba lalle ne ya zama lalaci ba, yana iya kasancewa alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ko bitamin B12, waɗanda tare da kalsiyam da bitamin D akan sha su tsawon rayuwa, a riƙa kuma gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara domin a daidaita yawansu.